Dakta Uzairu Hammawa Udubo da Zumuncin Manazarta

Tun da aka kafa ƙasar Katagum ba a yi masanin kwamfuta da aka ambaci sunansa a rubuce-rubucen ilimi kamar Dakta Uzairu Hammawa ba. An haife shi a shekarar 1956 a garin Udubo. Mahaifinsa Malam Hammawa makiyayi ne, mahaifiyarsa kuma Fatu.

Karatunsa

Ya yi firamare a Udubo da sakandare a Azare, sannan ya sami digiri a fannin lissafi a 1981. A 1994 ya kammala digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta, bayan ya taɓa na'urar sau da dama.

Aure da iyali

A 1983 ya auri Hajiya Meram, wadda Allah ya ba su 'ya'ya huɗu tare. A wurinta ya ga yadda mata ke riƙe biki: wadda ta kawo miki gudummawa ranar sunanki, ke ma ki kai mata ninki ranar nata. Wannan ita ce nazariyyar da ya gina sauran rayuwarsa a kanta.

Aiki da ɗaukaka

A 2001, yana koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta a Azare, aka fito da ƙa'idar cewa ba za a ƙara wa malami girma ba sai an duba yawan waɗanda suka ambace shi a manazartarsu, da yawan waɗanda ya yi rubutu tare da su. Nan take ya haɗa zumunci da malamai bakwai, cikinsu har da likitan dabbobi da malamin Larabci. Wanda ya ambace shi sau ɗaya, shi ya rama masa sau biyu. A ganinsa wuce sunan babba a maƙala ba tare da ambato ba daidai yake da wuce shi a hanya ba gaisuwa.

Zuwa 2005 maƙalarsa kan jera bayanai a kwamfuta ta bayyana a manazartar bincike kan kaskar shanu, da kan nahawu, da kan takin gero. Babu tabbacin akwai wanda ya karanta ta, amma an ƙara masa girma a 2006.

Ƙarshen rayuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe sun tafi a ramuwa, domin abokan zumunci sun ƙaru, ninki kuma yana ta ninkuwa. Ya daina bincike gaba ɗaya, ya koma rubuta maƙalu don kawai a sami inda za a zuba sunaye.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2008, bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura a Azare. Ya bar matarsa da 'ya'yansa: Abdulrashid, ɗan kasuwa, Bubayero, ma'aikacin ƙaramar hukuma, Nana Aisha, ungozoma, da Jamila, wadda ita kaɗai ta gaji fanninsa, kuma a lokacin tana rubuta kundin digirinta na biyu kan tsaron bayanai.

Ranar addu'ar bakwai likitan dabbobin ya kira ta gefe, ya ce mata, “'Yata, mahaifinki ya tafi da ambatona a wuyansa. Kada ki bari zumunci ya mutu a hannunki.” Sauran ma kowa ya aiko mata da maƙalunsa, ta zuba su duka a manazartar kundinta.

A 2009 mai jarrabawa daga wata jami'a ya tambaye ta alaƙar kaskar shanu da tsaron bayanai. Amsa ɗaya ce, kuma da sunan mahaifinta za ta fara, saboda haka ta yi shiru. Aka soke kundin, aka janye tallafin karatunta. A gida ta ce ita ce ba ta yi ƙoƙari ba, aka yi mata faɗa, ta ba da haƙuri.

Allah ya jiƙan Dakta, ya sa ya huta.