Ustaz Fayiz, Talata Tana Zuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, bakwai ga Nuwamba, muna tsakiyar tsinkar zaitun, labari ya iso mana cewa Ustaz Fayiz Abu Hilal, lauyan yaranmu, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar ofishinsa da ke Ramallah, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na zauna a gindin bishiya na kasa tashi. Allah ya yafe mini, Ustaz, kafin in yi maka addu'a abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne Talata, ranar da za a sake gurfanar da ɗana Ƙusai a kotun soja.

Shekararsa goma sha huɗu. Wata uku ke nan da sojoji suka ɗauke shi bisa zargin jifa, suka ɗaure masa ido da hannu. Ranar da na zo ofishinka ka miƙo mini kofin gahawa. Ka ce yaron da aka kwana ana yi wa tsawa ba ya yarda da baƙuwar fuska, don haka ba ka shiga wurin kowane yaro sai da saƙon gida.

"Ummu Ƙusai, ba ni wani abu da ke da shi kaɗai kuka sani."

Na ce ka gaya masa ina ƙaunarsa.

"Haba 'yar'uwa, ai wannan ko sojan da ya kama shi ya sani. Ba ni na gaske!"

Sai na ce ka gaya masa na san ba kyanwa ce ta fasa tulun man zaitun ba. Ka dawo daga wurinsa kana dariya, ka ce ɗan banzan ya rantse kyanwar ce, daga nan ya kifa kai ya yi ta kuka. A ranar ka ɗaure shi da alkawari: kada ya sa hannu a takardar Ibrananci da ba ya iya karantawa, kada ya amsa laifin komai, sai ya ga sanƙon nan naka a gabansa. Ya riƙe maganar gam. Sau huɗu ana ɗage zama, sau huɗu ana shigo da shi da mari a ƙafa, kuma kafin ya neme ni a bencin baya, kai yake fara nema.

Kai ka koya mana zaman wannan kotu, mu iyaye mata. Ka ce mu shanye kuka tun daga layin bincike, domin zaman minti biyar ne kawai, kuma fuskar da yaro ya gani ita zai koma da ita ɗakin kurkuku. Ka sha mayar wa mutane kuɗinsu. Ni kaina bokitin zaitun ka karɓa, har kana tsiyar wai gishiri ya yi yawa.

Yanzu ga shi ka tafi, Ƙusai bai sani ba. Tsoro nake ji, Ustaz, wallahi tsoro nake ji. Ina tsoron ya ɗaga kai ranar Talata ya duba wurin zamanka ya ga wata fuska, ya ɗauka kai ma ka yashe shi. Ina tsoron ya karaya ya ce su kawo takardar. Ina kuma tsoron fuskata, domin ban san yadda zan hana ta ba shi labari ba.

Jiya, rana ta uku ta zaman makoki, 'yarka Maisun, wadda ka horar a ofishinka, ta ja ni gefe, idanunta a kumbure. Ta ce ita za ta tsaya masa, za ta nemi ganinsa ranar Litinin idan an bar ta.

"Goggo, ba ni wani abu da ke da shi kaɗai kuka sani."

Muryarka sak. Abu ɗaya ya rage mini, wanda na yi wa Ƙusai alkawarin ko babansa ba zai ji ba. Na ce, "Ki gaya masa har yanzu ina barin fitilar ɗakinsa a kunne, don na san tsoron duhu yake yi."

Allah ya jiƙanka, Ustaz Fayiz, ya haskaka kabarinka, ya kwaranye maka tsoro kamar yadda ka kwaranye wa 'ya'yanmu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Ummu Hilal, da ɗanka Hilal, da Maisun, da dukan iyayen da muke layi tare a bakin ƙofar waccan kotu. Allah ya ba mu haƙuri, ya kuma sa Ƙusai ya yarda da ita.