Get a Tsakiyar Gero

A littattafan da na taso ina karantawa, ba a taɓa fara gida daga tushe ba. Daga get ake farawa. Mota za ta tsaya, a danna hon, mai gadi ya taso da gudu ya wangale, sannan gidan ya bayyana da furanninsa da benensa. Ban taɓa cin karo da shafin da aka kwaɓa siminti ba. Tun ina 'yar makaranta nake karɓo hayar littattafan nan wurin wani mai tebur a kasuwar Gaya, har na yi aure na hayayyafa ban daina ba.

Mu kuwa ciki da falo muke haya, ƙofar gidan ma buhu ne aka rataya. Maigidana adaidaita sahu yake ja. Amma ina da fili. Gadon mahaifina ne, a gefen gonar gidanmu da ke Gafasa, dab da bakin hanya. Ranar da aka yi rabo, dangi suka ce Baffa, ƙanin mahaifina, ya riƙa nomawa kafin in samu halin gini. Baffa malamin Islamiyya ne, a hannunsa na yi karatu, kuma ba zai ci haƙƙin kowa da saninsa ba. Sai dai kunyoyin gonarsa ba su yi karatun da ya yi ba. Kowace damina sai su ɗan matso, dutsen da aka kafa na iyaka ya nutse, mutane suka koma kiran wurin gonar Malam. Har babban ɗansa ya fara zagaya wurin yana auna inda ɗakin amaryarsa zai zauna.

Na je suna garin, mai unguwa ya kira ni gefe.

"Yarinya, waɗanda suka shaida rabon nan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ni ma ba ƙarami ba ne. Ki aza wani abu a filin nan kafin ruwa ya sauka, ko da me ne, idon mutane ya gani."

Faɗar gini ba wuya. Kakanmu gayya ya kira, aka haƙo ƙasa a kududdufi, aka yi tubali, aka jera azara, ladan magina tuwo da fura. Mahaifina kuma da kaɗan-kaɗan ya rufa nasa ɗakunan, duk kaka ya sayar da gyaɗa ya sayo kwano ya jingine a zaure. Mu namu zamanin na bulo ne, kuma siminti ba ya kwana a farashin da ka bar shi. Maigidana ya taɓa leƙa banki ya tambayi rancen gina gida. Suka nemi takardar albashi da ta mallakar fili, ya ce shi albashinsa a titi yake, shaidar filin kuma tsofaffi ne. Ko da sun bayar ma, akwai kuɗin ruwa, wanda tun muna yara Baffa ya tsoratar da mu a kansa. Saboda haka adashi ne bankina, kuma a waccan bazarar kwasa ta zo kaina.

Maigidana ya ce in sayi bulo. Da niyyar hakan na fita. Mai bulo ya nuna mini tsibin da kuɗina zai saya, na ga ko bayan gida ba zai zagaye ba. Ina juyowa sai idona ya sauka a rumfar mai walda da ke kusa. Ga wani get nan a jingine, baƙi wuluk, mai ɓangare biyu, da 'yan masu a samansa masu ruwan zinare. Wani ne ya sa aka yi masa, bai dawo ya karɓa ba. Wallahi a tsayen nan sai da na ji ƙarar hon.

"Ina bulon?" maigidana ya tambaya da na dawo.

"Na sayi na ginshiƙi biyu."

"Ginshiƙin me?"

Na faɗa masa. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya daɗe yana kallonta.

"Hajiya, yanzu ɓarawo zai zo ya tarar da get a kulle, ya ce ashe ba sa nan, ya juya?"

"Ai ba mu da abin sata tukuna."

"Wannan kuma gaskiya ne."

A-kori-kura ta kai get ɗin Gafasa, magini ya tayar da ginshiƙan ya ɗaura shi, na sa kwaɗo na kulle. Mai waldan ya yi mini gyara, ya rubuta a jiki da farin fenti: Ba a shiga, gidan matan aure ne. Ban sa shi ba, ya ce haka yake yi wa kowane get.

Garin kaf aka fito kallo. Get a tsaye shi kaɗai, dama fili, hagu fili, bayansa fili har inda ido ya ƙure. Awaki suna zuwa su shinshina su zagaye. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko gidan ne aka sace aka bar ƙofar. Ni dai da na ja baya na kanne ido, ina ganin benen sarai, har da labulen tagar sama.

Sai ruwan shuka ya sauka. Abin da ya biyo baya matar Baffa ce ta ba ni labari ta waya, tana yi tana shaƙewa da dariya.

Baffa ya fito da sungumi da ƙwaryar iri. Ya iso bakin get, ya karanta rubutun, ya tsaya. Ya gyara murya ya yi sallama. Shiru. Ya sake, ya kuma sakewa, kamar yadda ya koya mana. Da ba a amsa ba ya saɓa sunguminsa ya koma gida. Washegari ma haka.

Ɗansa ya ce, "Baba, ka zagaya mana. Ai babu katanga."

"Tun kafin a haife ka nake koya wa yaran garin nan cewa gida ta ƙofarsa ake shigarsa. Wanda ya ga ƙofa a kulle ya bi ta gefe, me sunansa?"

"Ai ba gida ba ne, Baba."

"To ƙofar mece ce?"

Magana ta kai ƙofar masallaci. Wani ya ce sai da rufi ake kiran wuri gida. Wani ya ce to zaurensa da iska ta yaye bara, ya tashi daga gida ke nan, kowa ya shigo? Wani dattijo ya ce a jira a ga ko get ɗin zai yi tsiro. Ana wannan, geron maƙwabta ya fito, ƙasar filina tana shan iska.

Wata ranar kasuwa sai ga Baffa a kan babur ɗin haya a ƙofar gidanmu na Gaya, inda bai taɓa zuwa ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa na gaishe shi. Ya sha ruwa, ya dube ni.

"'Yar nan, na je gidanki ban same ki ba."

"Baffa, ai ga ni a gida."

"Wancan gidan nake nufi. Izini na zo nema, in za ki bar ni in yi shuka a tsakar gidanki bana. In kuma kin hana, gidanki ne."

Maigidana da ke gefe tari ya sarƙe shi. Baffa ya juya gare shi ya ce shi ma sai ya amince, tunda gidan matar aure ne, kuma za a maimaita maganar gaban mai unguwa don kada wani ya gan shi ciki ya yi masa mummunan zato. Na ɗauko makulli na miƙa masa da hannu biyu. Ya ce aro ne, ba ya riƙe makullin gidan mutane bayan kaka.

Haka kuwa ake yi har yau. In an yi girbi ya aiko da makullin tare da damin gero, in ruwa ya sauka ya zo ya nema. Ɗansa ya yi ɗakinsa a wani wurin. Masu babur sun mai da wurin tasha, sai ka ji fasinja ya ce a sauke shi a gidan mai get. Katanga kuwa ta kai gwiwa ta ɓangaren gabas, adashi biyu ke nan.

Da daminar bara maigidana ya kwashe mu da yara a adaidaita muka je dubo ginin. Gero ya yi tsawo, ya rufe ko'ina, get ɗin kawai ake gani. Maimakon ya tsaya a bakin hanya, sai ya nufi get ɗin sosai, ya kalle ni ta madubi, ya danna hon.

Muka ji motsi cikin gero. Baffa ya fito da fartanya a kafaɗa, ya zare sakata, ya wangale ɓangaren dama, ya wangale na hagu, ya koma gefe ya tsaya.

"Sannunku da zuwa, masu gida. A dai bi a hankali, akwai wake a falo."