Carbin da Na Laɓe a Bayansa

A lokacin ni wanzami ne a Boɗinga, gadon uba da kaka, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Daga garinmu har Shagari, gidaje da yawa zabirata suke jira ranar suna. Sai hannuna na dama ya fara rawa in ina zaune, babban yatsa yana ta murza na kusa da shi. A asibiti aka ce cutar Parkinson ce, aka ba ni ƙwayoyi, aka sa mini ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Sakkwato. Aka ja mini kunne in lura da jikina, in je da wanda muke zaune tare, kada in ɓoye komai.

Ni kuwa shirin ɓoyewa na shiga, don tsorona ɗaya ne: kada likitan ya ce in ajiye aska. Na gano in na riƙe carbi, rawar yatsun sai ta zama kamar lazimi nake ja. 'Yan kasuwa har tsokanata suke wai wanzami ya zama waliyyi, ina murmushin yaƙe. Mai ɗakina ta ce za ta raka ni, na ce ba na tafiya da 'yar rahoto. Da ranar ta matso, na fara ninka ƙwayar da kaina don in isa gaban likitan garau.

Ana gobe tafiya, aminina na Horo Birni ya aiko in yi wa jikansa askin suna. Ƙin zuwa tonon asiri ne, sai na haɗiyi ƙwayoyina na hau kabu-kabu. A zaure ya tallafo jaririn, na jiƙa kan, na ɗora aska dab da maɗiga, inda fatar ke bugawa a hankali. Nan jiri ya ɗebe ni, idona ya yi duhu, hannun ya sandare, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Aminina na tambaya ko lafiya, mata na ta guɗa daga ciki. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da hannun hagu na kamo na daman na janye shi daga kan yaron, na faɗa wa mutanen zaure gaskiya ina hawaye. Aminina ya rungume jikansa ya shige gida.

Washegari mai ɗakina na gefena na cusa carbin a aljihu, na ɗora hannun a teburin likita yana ta rawarsa, na zayyane masa komai har ninkin ƙwayar. Ya gyara mini magani, ya ce askin jarirai kam in haƙura.

'Yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mai shirin ganin likita ya tafi da ciwonsa yadda yake, kada ya taɓa ƙa'idar magani, don ba shi kaɗai ɓoyon zai cuta ba. Yaron nan yanzu yana guje-guje a ƙofar gidan kakansa, kansa babu tabo, kuma na san ba ƙwarewata ce ta tsare shi ba.