A Hawa Ake Ƙara Hannu

Ranar da zan je gaida iyayen yarinyar da nake nema a Ɗanzomo, riga ɗaya tak gare ni ta fita kunya, fara, na kuwa saka ta tun da hantsi don zumuɗi. A shekarar na gama makarantar horon malamai, ba mai yin magana a gidanmu na Gumel ban gyara masa ba.

Kawuna, direban babbar mota mai tsallaka iyaka ta Maigatari, shi zai raka ni, amma sai ya sha shayi tukuna. Ya zuba gawayi a ɗan murhunsa na waya mai dogon mariƙi, ya sa wuta, ya shiga wulwula shi sama da ƙasa kamar majajjawa. Ko garwashi ɗaya bai faɗo ba.

Na ce, "Kawu, ka san abin da ya hana shi zubowa?"

Ya ce, "Hannuna."

Na yi masa dariya, Allah ya yafe mini. Na zana da'ira a ƙasa, na kwararo bayanin gudu da ƙarfin da ke jan abu zuwa tsakiya. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mini murhun. "To bismilla, malam."

A allon makaranta gudun iri ɗaya ne ko'ina a da'irar, don haka na juya shi a natse. Ashe a ƙasa yake fizgar hannu, in ya kama hawa sai gudunsa ya mutu. Yana kaiwa saman kaina ya tsaya kamar mai tunani, garwashin ya zubo mini duka. Ban ƙone ba, amma rigar ta zama rariya. Kuka ne kawai ban yi ba.

Kawu ya tattara garwashinsa, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "A hawa ake ƙara masa hannu. Ba a koya muku ba?" An rubuta a littafinmu, a shafi na gaba, ni ne ban karanta ba.

Ya tuɓe babbar rigarsa ya jefa mini, ya sako ta aiki mai tabon baƙin mai. Haka muka je, ina jan riga a ƙasa. Uban yarinyar ya dubi Kawu, ya tambaya ko mota ce ta ba mu matsala.

Kawu ya ce, "A hawa ta tsaya, Alhaji. Amma ɗan namu malami ne, ya gano dalili."