Ranar da Rufino Ya Yanke Tsibirinsa

A tafkin Titicaca, ta gefen garin Puno, babu wanda bai san Rufino Lujano ba, kuma duk wanda ya san shi ya san zartonsa. Zarto ne mai hannu biyu, ya fi mutum tsawo, gadon mahaifinsa. Mu da ke zaune a kan tsibiran da muka saƙa da ciyawar totora ba mu da katangar da za ta raba maƙwabta. Idan gida biyu a tsibiri ɗaya suka yi faɗan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a aika wa Rufino, a yanke tsibirin biyu, kowa ya ja rabinsa ya nemi wasu maƙwabtan.

A cikin kwalekwale aka haife shi, mahaifiyarsa na hanyar kai kifi kasuwa. Sai da ya shekara goma sha biyu kafin ya taka ƙasa mai tauri, kuma har yau yana rantsuwa cewa ranar jiri ya ɗebe shi, don ƙasar ta ƙi motsi. Ya yi su, ya yi farautar tsuntsayen ruwa, ya auri Basilia yana da shekara ashirin da biyu. Su biyu suka yanko saiwar totora, suka ɗaure ta gunduwa-gunduwa, suka shimfiɗa ciyawa a kai, suka kafa ɗakinsu. A nan suka haifi 'ya'ya huɗu, duk suka girma suka tafi birni.

Sai dai Rufino yana da dokokinsa guda biyu, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wanda ya nemi a yanka, shi ke jan layi. Sannan shi Rufino ba ya taɓa jan zarto, kuma ba ya barin wani na uku ya sa hannu. Masu faɗan ne za su riƙe, wannan can, wancan nan. To zarton nan ba ya tafiya sai ɗaya ya ja ɗaya ya saki, ga kaurin tsibiri ya kusa tsawon mutum. Shi kuwa gogan sai ya nemi wuri ya zauna, yana ɓare farin gindin totora yana ci, yana zuba musu iskanci: “Haba, ja mana! Da bakin nan naka ne ai da tuni an gama.” Kafin rana ta take, mafi yawa sun gaji, ko dariya ta kama su, ko sun manta abin da ya haɗa su. An kira shi ya fi sau hamsin, tsibiri tara kacal aka raba.

Da baƙi masu yawon buɗe ido suka fara zuwa, sai Rufino ya samu abin da ya fi so a duniya, wato kunnuwan da ba su taɓa jin labarinsa ba. Jirgi na tsayawa zai fito da hularsa mai kunnuwa, ya sa su yi tsalle su ji ƙasa na lilo, ya ɗauko zarto su yi hoto. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufewa: “Da turaku muke ɗaure tsibirin nan a ƙasan tafki. Ranar da muka manta, sai mu farka can ƙetaren tafki, a ƙasar Bolibiya, ba fasfo!” Basilia ta ji wannan zance ya fi sau dubu, tana gefe da ɗinkinta.

Tsibirin ciyawa kuwa daga ƙasa yake ruɓewa, dole duk bayan mako biyu a ƙara sabuwa a sama, kuma aikin maigida ne. Sau uku Basilia tana ce masa, “Maigida, wajen murhuna ya yi laushi fa.” Sau uku yana cewa gobe.

Goben ba ta zo ba sai ranar da jirgi ya sauke baƙi goma sha biyar. Basilia ta sauke tukunyar miyar kifi, ta yi taku biyu, ƙafarta ta burma cikin ruwa har cinya. Miya ta kife, hularta ta yi nata wuri. Maimakon ya ruga ya ɗaga ta, sai bakin nan nasa ya riga hankalinsa. Ya juya ga baƙi ya ce, “Kun gani? Wannan ma yana cikin abin kallo, kuma kyauta ne!” Aka kwashe da dariya, har da masu ɗaukar hoto. Basilia ta zare ƙafarta, ta ɗauki hularta, ta shige ɗaki.

Washegari da ya fito, sai ya tarar da zartonsa a ƙofar ɗaki, ga layin toka an ja shi daga wannan baki na tsibirin zuwa wancan.

“Wa ya yi faɗa kuma?”

“Ni da kai,” in ji Basilia.

“Haba tsohuwa, shekara arba'in da shida muna tare!”

“Ka iya lissafi ashe. Riƙe can.”

Ya dubi layin. Murhu, kaji da kwalekwale suna gefenta. Ɗakin kwana da dandalin da yake tara baƙi suna gefensa. Ya yi murmushi a ransa, don ya san aikin nan fiye da kowa. Ya ce kafin rana ta take za ta gaji.

Kan ka ce kwabo labari ya zaga tafki. Kwalekwale suka kewaye su, mata da faffaɗan siket ɗinsu, maza da ganyen taunawa a kumatu. Domitila, maƙwabciyarsu, wadda Rufino ya taɓa sa ta jan zarto da surukarta yini guda, ta zo gaba-gaba ta zauna, ta ɓare gindin totora tana ci.

“Baba Rufino, ja mana! Da bakin nan naka ne ai da tuni an gama!”

Rana ta take, Basilia ba ta gaji ba. Ya ja ta saki, ta ja ya saki, kitsonta biyu na lilo a bayanta. Ya yi mata wasan da ya saba yi wa wasu, ko kallonsa ba ta yi ba. Da zarton ya wuce ciyawa ya shiga baƙar saiwa, sai dariya ta ƙare wa Rufino. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da guguwa ta kife shi a tsakiyar tafki. Matar nan da gaske take, za ta ja rabinta ta tafi. Kalmar ban haƙuri ta zo masa har maƙogwaro, ya ɗaga kai ya ga idon jama'a, ya haɗiye ta. Kai, girman kan namiji bai yi ba!

Da la'asar saiwar ƙarshe ta rabu. Ruwa ya bayyana a tsakaninsu, siriri, shuɗi. Daidai lokacin iskar yamma ta taso kamar yadda ta saba kullum. Siririn ruwan ya zama taku ɗaya, ya zama uku. Rufino ya lura da wani abu: gefen Basilia na nan daram, nasa ne ke tafiya.

Ya ruga bakin tsibiri yana lalube, ya zaga bayan ɗaki, ya dawo. Babu igiya ko ɗaya, sai guntayen da suka ruɓe tun ba yau ba.

“Basilia! Ina igiyoyin turakun?”

“Kai da kake ba baƙi labarinsu kullum, ni kake tambaya?”

Sai a lokacin ya gane. Turakun da ya kafa tun suna sabon aure sun daɗe da ruɓewa. Fitar da take yi kowace safiya da kwalekwale, wadda ya ɗauka ɗibar ƙwan tsuntsaye ce, igiya take dubawa, ta canja wadda ta mutu, ta kafa sabon turke inda ƙarfinta ya kai. Turaku takwas ne, duka a gefen murhunta. Shekara da shekaru yana barci a tsibirin da ita ke riƙe da shi, bai sani ba.

“Jama'a, ku miƙo igiya!”

“A'a,” in ji Domitila, “na uku ba ya sa hannu. Dokar wa ce? Ka gaishe mana da mutanen Bolibiya!”

Aka fashe da dariya har wani ya kusa faɗawa ruwa. Rufino ya tsaya a kan rabin tsibirinsa, da ɗaki, da zarto, ba wuta, ba kwalekwale, matarsa na ƙara ƙanƙancewa a idonsa. Ya cire hula ya haɗa hannu a baki.

“Basilia, na yi laifi! Ki yafe mini!”

Ta kara hannu a kunne. “Me? Iska ta yi yawa!”

“Na ce na yi laifi! Na bar murhunki ya ruɓe, na yi miki dariya a gaban baƙi! Ba ni da kowa sai ke!”

Mata suka rangaɗa guɗa. Basilia ta gyara zaman hularta, ta shiga kwalekwale, ta tuƙo a hankali ba gaggawa. Da ta iso ta jefa masa bakin igiya. Ya cafe, ya tsaya yana kallonta: sabuwa fil, doguwa, mai kauri, har yanzu da ɗanyen ƙanshin ciyawa. Irin wannan ba a tufka ta a awa ɗaya.

“Wannan yaushe kika yi ta?”

“Jiya, bayan miyata ta zube. Kafin in ɗauko zarto.”

Hawaye suka zubo wa tsohon, yana dariya yana sharewa da hula.

“To ɗaure mana, ka tsaya kana kallona,” in ji ta. “Ka ɗauka zan bar wa mutanen Bolibiya kai ne? Me suka yi mini?”

Kwana huɗu suka yi suna ɗinke tsibirin, kuma wajen murhu aka fara shimfiɗa wa sabuwar ciyawa. Har yau idan ka taka tsakiyarsa za ka ji ɗan tudu inda aka haɗa. Da safe kuwa za ka hango su biyu a kwalekwale, ita tana nuna masa turke da baki, shi yana tuƙi.