Garin Ƙayar Kifi

Inna, mahaifiyata, sana'arta suyar kifi a Kazaure, kuma ko kusa ba ta yarda a zubar da kai ko ƙaya. Takan shanya su a rufin kwano, ta daka, ta tankaɗe sau biyu, ta barbaɗa mana a kunu don mu yi ƙwari. Mu kuwa ƙarnin ya ishe mu.

Da ciwo ya kwantar da ita, likita ya ce a riƙa ba ta abinci mai gina jiki. Na daka garin da kaina, na dama mata kunu. Ta kurɓa, sai ta zaro 'yar ƙaya daga bakinta.

"Sau ɗaya kika tankaɗe," in ji ta. "Kawo rariyar in nuna miki."

Na kawo. Hannunta ya kasa ɗaga ta.