Uban Gona

Duk wanda ya san Mme Makopano, wato Inna Makopano, ya san ta da abu biyu, gaisuwa da ido. Gaisuwarta ba ta ƙarewa. In kun haɗu a kan hanyar Mapoteng, to ka sauke kayanka kawai, don sai ta tambayi matarka, da 'ya'yanka, da tumakinka, har da jakin nan naka da ta ji an ce yana ɗingishi. Ido kuwa gadonsa ta yi. Tun tana 'yar shekara tara take bin uwarta gonar bayan dutse, inda ake ɓoye matekoane, wato tabar wiwi, a tsakanin layukan masara. Can ta koyi raba namijin shuka da macen tun sauran mutane ba su ga komai ba. Mace takan fito da farin gashi siriri a hammatar reshe, namiji kuma 'yan ƙwallaye kamar ƙwayar gero.

Da wannan ganye uwarta ta rufa wa gida asiri lokacin da uban yake ramin zinari a tsallaken iyaka. Da shi ita ma ta yi wa 'ya'yanta uku karatu, bayan tarin ramin ya ɗauke mijinta. Ba ta taɓa kai shi baki ba. Ita dai a bar ta da tabar hancinta.

Uwar tana da doka guda. Ana tuge maza don kada su cika gona da ƙwaya, amma ba a tuge su duka. Ana barin ɗaya, mafi ƙarfi, a can gefe, shi zai ba matan iri na baɗi. Uban gona take ce masa. Takan ce wadda ta tuge uban gona ta rufe ƙofar gidansu da hannunta.

Sai ƙanƙara ta kwantar da gonar shekara biyu a jere. A ta uku 'yan sanda suka ƙone ta maƙwabta, suka tafi da mai ita. Kopano, ɗanta na fari, wanda take amsa sunansa, don Makopano na nufin uwar Kopano, ya hawo dutsen ya durƙusa mata har ƙasa, ya ce ta dubi Allah ta bari, kada a tafi da ita da furfura. Ta bari. Abin da ya rage na irin uwarta bai fi ƙwaya arba'in ba, a cikin gwangwanin tabar hanci, a saman katakon rufi.

To, duniya ba ta rasa abin mamaki. Wani kamfani ya zo kwarin da takardar izini, ya gina dogayen ɗakuna farare marasa taga, ya ce magani zai yi da ganyen. Ganyen da ake ɗaure mutum a kansa a bisa dutse, ga shi a cikin kwari da mai gadi a ƙofa! Saboda idonta aka ɗauke ta aiki tana da shekara hamsin da takwas. Kullum da safe sai ta kwance bargon da take yafawa, ta rataye, ta wanke hannu har gwiwa, ta sa farar riga da hular leda, ta taka ruwan magani, sannan ta shiga. A ciki ba rana ba ruwan sama, sai fitilu da fankoki da tukwane a jere. Takan gaida tukwanen ma, abokan aiki suna dariya.

Mai kula da ɗakunan Ausi Nthabeleng ce, Ausi wato 'yar'uwa, sa'ar autar Makopano, ta yi karatun noma, ba ta da yawan magana. Ita ta ce wata rana manyan kamfanin suna neman irin kan dutse su gwada a ƙaramin ɗaki. Makopano ba ta yi shawara da kowa ba, ta sauko da gwangwanin ta miƙa da hannu biyu. A tunaninta iri ya fara tsufa, ga inda ba ƙanƙara ba ɗan sanda, kuma duk wanda ya karɓi iri ya shuka, ai iri zai mayar. Haka ake yi tun kaka da kakanni, har me za a tambaya?

Talatin da ɗaya suka tsiro. Kai, ranar ta yi murna! Suka yi ta tashi, sirara, dogaye, har sai da aka ɗaga fitilu sau biyu. Da lokaci ya yi aka rage musu awannin haske don su ɗauka kaka ta zo, su fara fure. Ranar ce Nthabeleng ta tsaya a bakin ƙofa da allon da take ɗora takardun aiki a kai.

"Mme, daga yau ki sa ido. Duk namijin da ya nuna kansa a tuge, a ƙulle a jaka, a kai wuta."

"Duka, Ausi?"

"Duka."

"To iri fa?"

Nthabeleng ta ɗago kai. Sai a lokacin ta gane ba su fahimci juna ba tun farko. Ta sassauta murya. "Mme, nan ba a yin iri. Fure ake so, wanda ba ƙwaya ko ɗaya. Namiji guda in ya buɗe, garin furensa ya bi fanka ko rigar wani ya shiga manyan ɗakuna, amfanin shekara ya lalace, kuma mata talatin za a ce su zauna gida. Gara ki ji daga bakina. Manya sun ce naki ya cika tsawo da jinkiri. In an girbe wannan, an rufe maganarsa."

Makopano ta ce to. Me za ta ce? Da hannunta ta kai, ba wanda ya ƙwace.

Cikin kwana huɗu ta tuge maza goma sha uku. Na goma sha huɗu yana kusurwar ƙarshe, bayan wasu mata dogaye, inda iskar fanka ba ta cika kaiwa ba. Kakkaura ne, mai duhun ganye, irin wanda uwarta za ta dafa ta ce wannan ne. Ta kama gindinsa. Hannun ya ƙi. Ta tsaya har bayanta ya fara ciwo, sannan ta juya tukunyar ta fuskanci bango, ta jawo rassan matan suka rufe shi, ta fita ta ce ɗaki ya tsarkaka.

Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Kowace safiya kusurwar take fara dubawa. Ƙwallayen suna kumbura, suna rinjaya ƙasa, amma ba su buɗe ba. Ba ta son ya buɗe duka, tsaga ɗaya kawai take jira. Amma wa ya taɓa yi wa shuka alƙawarin rana? In ya buɗe ran Lahadi, ba kowa a ɗakin, fankoki suna juyawa, shi ke nan ta kashe mutane da ransu.

A rana ta uku Mme Matumelo ta gano. Ita ke ba da ruwa a ɗakin, ƙawarta ce tun suna 'yan mata, bakinta kuwa ba linzami. Ta haƙura har lokacin cin abinci, ta ja ta bayan tankin ruwa, ko kwanon tuwon masararta ba ta buɗe ba.

"Ke Makopano, tsohuwa da ke, kin ɓoye namiji a ɗaki?"

"Rufa mini asiri, 'yar'uwa."

"In rufa miki, ni wa zai rufa mini? Jikoki huɗu nake ciyarwa da wannan farar rigar. Kin ga na yi kama da mai komawa wankau a birnin Maseru?"

"Kwana biyu kawai. Na uwata ne, Matumelo. Kin ci abincin gidanmu, kin san da me aka saye shi."

"Uwarki tana kwance lafiya a kabarinta, mu ne a waje!" Matumelo ta yi tsaki, ta share ido da bayan hannu. "Jumma'a. In ba ki tuge shi ran Jumma'a ba, na rantse ni zan tuge, in kai wa Ausi da hannuna. Ki yi fushi da ni har mu mutu."

Laraba ba komai. Alhamis ba komai. Makopano har magana ta yi masa a hankali, ta ce haba Ntate, wato Baba, ka taimaki marainiya.

Ran Jumma'a da safe ta ɗaga reshe, sai ga ƙwallo ɗaya ya tsage, ga ɗan gari rawaya a kan ganyen da ke ƙasansa, bai kai abin da ake shaƙa a hanci ba. A daidai lokacin ta ji muryar Nthabeleng a farfajiya tana cewa yau layi-layi za ta duba ƙaramin ɗaki. Makopano ta dangwali garin da ɗan yatsa, ta durƙusa, ta shafa a farin gashin reshen ƙasa na macen da ke kusa. Ta jiƙa jakar, ta kifa masa daga sama a hankali, ta tattare bakin jakar a gindi, ta finciko shi da saiwa. Ta tsoma yatsan a bokitin ruwa ke nan ƙofa ta buɗe.

"Mene ne a jaka, Mme?"

"Namiji ne, Ausi. Ya ɓuya mini."

Nthabeleng ta taɓa jakar daga waje, ta ji girman abin da ke ciki. Ta dubi tukunyar da ke fuskantar bango. Ta dubi Matumelo, wadda ta duƙufa a kan ban ruwa kamar ba ta taɓa ganin tiyo ba.

"Ya buɗe?"

"Ɗaya ya tsage."

Nthabeleng ta kashe fankokin da kanta. Ta sa aka feshe ɗakin da ruwa, aka hana kowa shiga manyan ɗakuna ranar, aka kai rigunan wanki. Da suka rage su biyu ta ce, "Shekara biyu idonki bai taɓa kuskure ba, Mme. Ba zan rubuta abin da nake zato ba. Amma ba zan sake ba ki ɗaki ba."

Aka mayar da ita wankin tukwane a waje, cikin sanyin Yuni, tsakiyar hunturun ƙasar, ruwa yana yanka hannu. Ba wannan ne ya dame ta ba. Mako shida ana jiran a ga ko garin ya tsallaka. Kullum in Nthabeleng ta fito daga manyan ɗakuna, Makopano fuskarta take karantawa. Matan da suka ji ƙishin-ƙishin suka rage amsa mata gaisuwa, kuma ba ta ga laifinsu ba. Allah ya rufa asiri, manyan ɗakuna suka fito fes.

Girbin ƙaramin ɗaki ya zo a Agusta. Ranar girbi kowane hannu ake nema, har na masu wankin tukwane, don haka aka zaunar da ita a dogon tebur da almakashi tana gyaran fure. Doka ita ce duk ƙwayar da aka gani a ɗaga hannu, a sa a kwalba, a ƙone. Matumelo ce ke raba rassa. Ta zo wucewa ta ajiye wani ƙaramin reshe a gabanta, ba ta ko dube ta ba, ta ce, "Ga na ƙasa, tsohuwa, daidai ƙarfinki."

Makopano ta matsa da yatsa ta ji taurin ƙwaya. Ɗaya. Biyu. Uku. Masu ruwan ƙasa da zane-zane, sun nuna sarai. Rigar ba ta da aljihu, a ƙofa kuma ana duba jaka da takalmi da ninkin bargo. Ta yi kamar tari ya sarƙe ta, ta kai hannu baki, ta tura su ƙarƙashin harshe.

Awa biyu ta yi a haka, yawu yana taruwa, tana tsoron haɗiya. Aka tashi. Ta yafa bargonta ta bi layi. Mai gadin ranar Ntate Tsolo ne, ɗan ƙauyensu, wanda kullum sai sun tsayar da layi suna gaisawa. Ya buɗe jakarta yana murmushi.

"Sannu da aiki, Mme. Ya gajiya? Ya Kopano da iyali?"

Shiru.

"Mme Makopano? Da ke nake."

Layin ya yi tsit. A ƙasar nan ko wanda kuke shari'a da shi in ya gaishe ka sai ka amsa, balle ita. Tsolo ya daina murmushi, ya ƙura wa bakinta ido. Can gefe Nthabeleng tana tsaye da allonta, ita ma tana kallo. Makopano ta ji ƙwaya ɗaya ta zame ta hau kan haƙori. Ta danne ta don kada ta wuce maƙogwaro, sai ta ji ƙas.

"Kai Ntate, ka bar baiwar Allah!" Matumelo ce daga baya. "Haƙori ke cinta tun safe, ba ka ga kumatu ba? Mu dai mun huta yau, kunnuwanmu sun sha iska. Buɗe mana, kafin motar ma'aikata ta tafi!"

Aka yi dariya. Tsolo ya dubi Nthabeleng. Ita kuwa ta sunkuyar da kai kan allonta, ta juya ta koma ciki. Ya miƙa jakar ya ce Allah ya sawwaƙe, a kuskure da ruwan gishiri.

Ba ta shiga mota ba. Ta hau dutsen da ƙafa, ta wuce mutum biyar a hanya ba ta ce musu uffan ba, har wata tsohuwa ta tsaya tana bin ta da kallo. Sai da ta shiga ɗaki ta tura ƙofa ta tofa a tafin hannu. Ɗaya ta fashe biyu, farin cikinta a waje. Biyu suna nan lafiya.

Ta shanya su a kan tsumma, ta zauna tana juya su da ɗan yatsa. Duk idon nan nata da ake magana, ba ya ganin cikin ƙwaya. Za su iya zama mata biyu, za su iya zama maza biyu, ba mai sani sai an shuka bayan ruwan farko na Oktoba. Ta miƙa hannu saman katako don ɗauko gwangwanin, sai ta tuna yana can wurin kamfani. Ta zazzage tabar hancinta a murfin kwano, ta goge gwangwanin aljihunta, ta sa su ciki. Sannan ta yafa bargo ta fita, ta bi gidajen mutum biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri, tana biyan gaisuwa.